Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Hannun Baba Tsoho

Makon jiya na tsaya a kan aurena, amma ku yi mini haƙuri. Kwana biyun nan kakana Baba Tsoho ya tsaya mini a rai, sai na sauke maganarsa tukuna.

Kun dai san a Amanawa ya yi jinya, asibitin kutaren nan na ƙasar Dange Shuni da 'yan mishan na SIM suka riƙe. Can ya ji bishara, can aka yi masa baftisma, can kuma ya haɗu da kakata Iya. Ya sha ƙwayar dafson shekara da shekaru har cutar ta mutu, amma yatsun da suka tafi sun tafi. Da igiyar roba Iya take ɗaura masa cokali a dungun hannu. Littafi Mai Tsarki kuwa da leɓe yake buɗe shafinsa, shi ya sa gefen littafin Ayuba duk ya yi baƙi.

Ina 'yar shekara tara kunu ya zubo mini a ƙafa. Ina ihu, shi kuwa ya matso ya ce, "Amarya, gode ma Allah. Mai jin zahi bai rasa yatsa." Ran nan na ji haushinsa ƙwarai. Sai da na girma na gane cewa kuturta jijiyoyin ji take kashewa. Mutum ya taka ƙaya ko ya dafa garwashi bai sani ba, miki ya ruɓe, a haka gaɓa take ƙarewa. Shi da yake roƙon Allah ya ɗanɗana masa zafi ko na rana ɗaya ne!

Wannan mutumin ne ya zo ƙofar makarantarmu da rake a hammata, na ce wa ƙawayena mai bara ne. Ya ji ni. Ya ajiye raken wajen maigadi ya juya, har ya koma ga Ubangiji bai tayar mini da zancen ba. Ni ce har yau nake tayar da shi.

A watan Janairu na 2021 gobara ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato, shagona na atamfa yana cikin waɗanda suka ƙone. Jarin shekara 14, da kayan bashi a kai. Ƙarfen awo kawai na tsinta a cikin toka. Da yamma 'yan Zumuntar Mata suka cika gidan, ana waƙa ana addu'a, sai matar yayan maigidana ta ce, a gaban kowa, ai jinin Amanawa ba ya rabuwa da masifa. Yaya, in kina karantawa, na yafe miki tun tuni, amma kalmar tana nan. Ke da kika ci abinci a kwanon Iya sau nawa?

Wata uku ban taka coci ba. Addu'a ta gagare ni, in na durƙusa sai kuka. Wani dare cikin zafin Afrilu, babu wuta, ina kwance a tsakar gida, na ce, "Ubangiji, ka ɗauke mini jin nan, na gaji." Ina rufe baki na ji abin da na roƙa. Abin da ya cinye hannun kakana nake roƙo wa zuciyata. Mai jin zahi bai rasa yatsa. Na tashi na nemo tsohon littafinsa a ƙasan akwati, na zauna da shi a cinya har aka kira assalatu a masallacin unguwa.

Asabar ɗin da ta biyo na shiga mota zuwa Amanawa, karo na farko tun rasuwarsa, da sabulu da man shafawa. Wata tsohuwa ta miƙo mini ƙafarta, na jiƙa ta a ruwa, na goge kantar, na duba tsakanin yatsu biyun da suka rage mata. Akwai tsinken kara a ciki, ba ta ma sani ba.

Zancen auren sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.