Yadda na sa fayilolinmu tafiya zango-zango

A wurin aikinmu nan Sakkwato, fayil ba ya tafiya kai tsaye. Hotunan takardun da ake ɗauka a reshenmu na Illela sai sun sauka a kwamfutar ofis cikin gari, daga nan su ratsa wata na'ura mai gadin ƙofa kafin su kai babbar saba. Wani ɗan shirin Python da na rubuta ke wannan jigila, amma hanyar tana rubuce ne a cikinsa. Ko adireshi ɗaya ya canza, sai an nemo ni.

Shi ya sa na ƙara masa zaɓi biyu a layin umarni: --bi ga na'urar da za a ratsa kawai, --zango ga wadda za a sauke kaya a kanta kafin a sake ɗauka.

Na farko bai ci lokaci ba. Tun 2016 OpenSSH 7.3, shirin shiga na'ura daga nesa, ya zo da zaɓin -J na ratsa wata na'ura a hanya; scp, mai kwafin fayil tsakanin na'urori, shi ma ya samu a 2019. Na jera sunayen na'urorin da waƙafi, na miƙa masa.

A --zango aikin yake. Shi rsync, shirin da ke tura fayilolin, ba ya yarda tushe da masauki duka su zama na nesa, don haka dole shirin ya shiga kowace na'ura, ya tura daga can. Ga kuma batun jere. A argparse, ɓangaren Python mai karanta zaɓin layin umarni, idan kowane zaɓi ya tara nasa daban, ba za ka san wanda ya riga wani ba, alhali jeren shi ne hanyar. Sai na zuba su a wuri guda, kowanne da alamarsa.

Wahalar ta biya. In ratsawa kake yi, ko'ina aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, tafiyar duka ta tsaya. In akwai zango kuwa, abin da ya iso gari ya iso, kamar kayan fatake da suka riga suka shiga masauki; da zaɓin --partial na rsync ma rabin fayil ba ya ɓacewa. Mai aiki da intanet ɗin bakin iyaka ya san darajar wannan.

Da na nuna wa yaron da ke kula da reshen, cewa ya yi: "Malam, in kwamfutar ofis ta cika fa?" Yanzu shirin ba ya goge kwafin zango sai sha256sum, mai tantance ko kwafi ya yi daidai da asali, ya tabbatar na gaba ya isa lafiya, amma da ya tabbatar zai share. Shi dai yaron ya sa na ƙara --gwaji, mai buga hanyar layi-layi ba tare da ya taɓa fayil ba, domin a ganinsa bai kamata a tura takardun mutane ta hanyar da ido bai gani ba.