Yadda nake kai ruwa rana da kamfanonin inshora kan yara masu galahanga a Texas

Aikina horar da yara masu lalurar galahanga, wato otizim, a wata cibiya da ke Houston a jihar Texas ta Amurka. Hanyar da muke bi ita ce ABA: a rarraba abin da ake so yaro ya iya zuwa ƙananan matakai, a yi ta bita, ana rubuta ci gabansa kullum. Yaro ɗaya kan buƙaci sa'o'i 10 zuwa 40 a mako, ban da mai koyar da magana. Iyalai ƙalilan ne za su iya biya daga aljihunsu. Don haka rabin aikina ya koma kan tebur, tsakanin takardu da wayar kamfanin inshora.

A rubuce doka tana bayanmu. Indiana ce ta fara tilasta wa kamfanoni biyan kuɗin kula da masu wannan lalura a 2001. A 2007 wata lauya, Lorri Unumb, ta tsaya kai da fata har South Carolina ta yi dokar da aka sa wa sunan ɗanta Ryan, kuma zuwa 2019, da Tennessee ta bi sahu, jihohi 50 duk sun shigo. Texas ta yi tata a 2007, ta faɗaɗa ta a 2013. Amma dokar jiha ba kowane kati take hawa ba, kuma nan ne iyaye suka fi shan mamaki.

Abin da nake fara karɓa a hannun uwa shi ne katin inshora. Ina juya shi ina neman haruffa uku, TDI ko DOI. In suna nan, hukumar inshora ta Texas ke da iko da shirin, dokarmu kuma ta hau kansa. In babu, galibi ma'aikatar da uban yake aiki ce ke biyan kuɗin asibitin ma'aikatanta daga asusunta, kamfanin inshorar ɗan aike ne kawai. Irin wannan shiri yana ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA ta 1974, jiha ba ta da ta cewa. A nan ba na ɓata yawu da kamfanin. Sai in shirya wa uban wasiƙa ya kai ofishin kula da ma'aikata, in tuna musu da dokar tarayya ta 2008 da ta hana a tsaurara sharuɗɗan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa fiye da na lafiyar jiki. Na ga ma'aikatar da ta ƙara ABA cikin shirinta bayan iyaye sun haɗa kai sun rubuta.

Ko da katin ya yi daidai, sai an nemi izini kafin a fara, ana kuma sabunta shi yawanci duk wata shida. Kamfani ba ya biyan tausayi. Abin da yake biya shi ne abin da aka tabbatar larura ce ta lafiya. Akwai wani yaro ɗan shekara huɗu, iyayensa mutanen Damagaram, da na nema wa sa'o'i 25 aka ba shi 10, wai makaranta ta ji da sauran. Yaron nan in ya ga ƙofa a buɗe sai titi. In yana jin ƙishi ba shi da hanyar faɗa sai buga goshi da bango, har wurin ya yi kanta. Uwarsa ta sa ƙararrawa a kowace ƙofa, da dare kuma a bakin ƙofar ɗaki take shimfiɗa tabarma ta kwanta. Da takardar ƙin ta zo, ta ce da ni, "Anti, a bar wa Allah. Kada su ce mun cika ƙorafi su kore mu gaba ɗaya." Na ce mata, "Maman Abba, ɗaukaka ƙara haƙƙinki ne, ba wanda zai cire ki a inshora saboda shi. Ki sa min hannu kawai in tsaya a madadinki."

Na nemi a haɗa ni da likitan kamfanin da ya yanke hukuncin. Irin wannan waya gajera ce, don haka ba na shiga da labari. Na buɗe kundin sharuɗɗan kamfanin da kansa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ajiye masa shaida: jadawalin yawan buga kai a kowace sa'a, yadda ya ragu tun da yaron ya fara miƙa hoton kofi in yana son ruwa, takardar likitan yara, da ranar da muke sa ran fara rage sa'o'in. Bai sauya ra'ayi ba. Muka ɗaukaka ƙara a rubuce, abin da doka ta ba da kwana 180 a yi. Suka sake ƙi. Muka kai gaban masu bita masu zaman kansu, waɗanda hukuncinsu dole ne kamfani ya bi, suka mayar wa yaron sa'o'insa. Iyaye da yawa ba su ma san da wannan mataki na ƙarshe ba, kuma wata huɗu kacal ake da shi a nema.

Gaskiya ɗaya ce, mu masu cibiyoyi ma akwai gyara a gefenmu. Wasu kowane yaro ya shigo sai su rubuta masa sa'o'i 40, alhali ba kowa ke buƙatar haka ba. Manya masu wannan lalura sun daɗe suna kokawa kan horon da ke tilasta wa yaro ya kalli ido ko ya daina kaɗa hannu don ya yi kama da sauran yara, kuma na yarda da su. Ni ba na neman kuɗi don hana yaro kaɗa hannu. Ina nema ne don ya iya cewa cikinsa na ciwo, ya iya shiga bayi, kada mota ta kaɗe shi. Mai bita da ya saba ganin na rage sa'o'i da kaina in yaro ya samu sauƙi, ya fi saurarata ranar da na ce a ƙara.

'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da ke kan Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, sun fi kowa jira. Gwamnatin tarayya ta fitar da sanarwa a 2014 cewa jihohi su kula da su, amma Texas ba ta fara biyan ABA ba sai Fabrairun 2022, kuma kuɗin da take biya ya sa cibiyoyi da dama ba sa karɓar katin.

Abin da ya fi ci min rai yana cikin gidajenmu ne. Dokar Texas tana aiki ne in likita ya tabbatar da lalurar kafin yaro ya cika shekara 10, bayan ya cika 10 ɗin ma ta yarda kamfani ya tsaya a dala 36,000 a shekara kan ABA. Mutanenmu kuwa kan ɓoye yaro, ana cewa zai yi magana, kawunsa ma haka ya yi, ko a ce iska ce. Ba na hana kowa addu'a da tofi, ni ma ina yi. Amma na sha karɓar yaro ɗan shekara 11 da babu takardar likita ko ɗaya a kansa, katinsa ɗauke da TDI, ni kuma babu sashen dokar da zan kafa hujja da shi.