Takardar sunayen da na rubuta da hannuna

Jiya na maida makullin ɗaki, na ɗaure katifata a bayan kabu-kabu na bar site, wato gidan kwanan ɗaliban jami'a, bayan shekara huɗu, lisans ɗin (digirin farko) da aka ce shekara uku ce amma kun san yadda shekarar karatu take ja a wurinmu. 'Yan shekarar farko sun matsa in rubuta musu shawara tunda na yi delege na batima, wato wakilin ɗaliban gininmu, har sau biyu. To ga ta nan, ko da yake ba irin wadda suke jira ba ce.

Duk wanda ya zauna site ya san lissafin takarda daban, lissafin dare daban. A takarda mu huɗu ne a ɗakinmu, da dare kuwa sai ka tsallake ƙafafun mutum tara kafin ka kai ƙofa. Yaron da ya zo daga Magariya ko Gure ko Matamaye da bak ɗinsa, wato takardar gama sakandare, bai samu gado ba, ba shi da kowa a unguwar Birni balle Zango a nan Damagaram, ina za shi? Raɓewa zai yi wurin ɗan garinsu. Tiken resto, wato na ɗakin cin abincin ɗalibai, ɗaya mutum biyu, in pampo ya kwana uku bai ɗiga ba cikin zafin Afirilu 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗi sai a yi karo-karo a sayi bido, haka ma a 2023 da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin Nijar, fitila ɗaya muke kewayewa mu yi bita, ba wanda ya taɓa tambayar wa ke da takardar ɗaki wa ba shi da ita.

Ni na ɓata wannan. Wata ranar Talata wani babba cikin masu kula da ɗakuna ya kira ni ofis, ya ce "delege zauna mana", har da aikawa a kawo min ruwan sanyi. Ya ce suna son sanin yawan masu raɓe don a nema musu katifu, kuma su za a fara ba gado in wuri ya samu. "Kai suka yarda da kai," in ji shi. Na ce to ranka ya daɗe, in sha Allah. Wallahi daɗi na ji, har na fara ganin kaina wani babban mutum.

Dare uku ina bin ɗaki ɗaki da biro, suna, fakilte, gari, lambar ɗaki. Wani tsohon ɗalibi da ya riga mu shiga site ya ce min "kamarad, ba a rubuta irin wannan fa", na ce masa tsoron banza ne irin na mutanen da. Mutum 31 na samu.

Sati biyu bayan nan aka liƙa takardar a ƙofar batima da tambari, wai awa 48 su kwashe kayansu. Ko wahalar sake bugawa ba a yi ba, fotokofin rubutun hannuna ne, kowa ya zo wucewa ya gane shi. Na koma ofis jikina na rawa na ce Malam ba haka muka yi da kai ba. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce doka ce delege, ni ma daga sama aka ba ni. Ranar ba ruwan sanyi.

Sindika, wato ƙungiyar ɗalibai, ta shiga maganar, aka yi taro aka yi hayaniya, yawancinsu suka lallaɓa suka dawo cikin dare kamar ba a yi ba. Banda wani yaro ɗan Tanut, ɗan shekarar farko, marar magana, irin wanda in an zuba shayi sai an ce masa karɓi sau biyu. Shi da farko ya ƙi ba ni sunansa, ya ce "Yaya ka tabbata?" na dafa kafaɗarsa na ce haba, ni ne fa. Kunya ta hana shi dawowa, ya kwana masallaci wajen sati biyu, bursu, wato kuɗin tallafin karatu, bai fito ba, gida kuma ba abin aikowa, ni kuma kunyar haɗa ido da shi ta hana ni zuwa in jawo shi, kullum sai in ce gobe. Da na je limamin ya ce ai ya tafi. Daga baya 'yan garinsu suka ce ya bi mota zuwa Jado wajen zinariya.

Sauran shawarwarin kun san su. Kada ka ba da sunan kowa a rubuce sai an ba ka alkawarin a rubuce. In ɗan ɗakinku ya daina zuwa resto ya ce wai ba ya jin yunwa, ƙarya ne, tikensa ya sayar. Mai yawan barcin rana ba lalle malalaci ne ba, tambaye shi gida lafiya. Kuma a daina ajiye tukunyar gas kusa da katifa don Allah.

Asusun dala ashirin ashirin da muke tarawa duk Juma'a bayan abin ya faru yana nan, ya kai mutum uku likita, ya biya wa wani kuɗin mota zuwa Dungas ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Na ji an ce mutumin ofis ɗin nan yana ambaton asusun a taro cikin abubuwan da ofishinsa ya kawo. Ba komai. Muna haɗuwa a kasuwar Dole yana ce min "delege ya gari", ina amsawa don tarbiyya.

Da nake haɗa kaya shekaranjiya na tarar da kayen ɗan Tanut, wato littafin rubutunsa, a ƙarƙashin gado, rubutu tsaf har shafi na 40 sannan fari. Na sa shi cikin jakata. Lambarsa na sake gwadawa a kan kabu-kabu, har yanzu ba ta shiga.