Dogon sitiyarin babur da abin da ya koya mini a warsha

A warshar da nake aiki a sina'iyyar Jidda, wato unguwar masana'antu da gareji, masu manyan babura irin Harley-Davidson sukan cire sitiyarin kamfani su ɗora dogo, wanda hannu ke kaiwa daidai kafaɗa. Ba a jimawa sai su dawo da kuka iri ɗaya: an taka birki da ƙarfi, sitiyari ya zame gaba.

Abin da na fara ganewa shi ne tsawon ne ke ninka ƙarfi. Kowane makanike ya san idan noti ya ƙi kwancewa, bututu ake zura wa sifana. To, sitiyari mai inci 16 haka yake yi wa mariƙinsa, wato abin da ke matse shi a jikin babur, duk jan da mai babur ya yi sai ya isa ƙasa a ninke. Shi ya sa ƙarin ɗauri kaɗai ba ya magani. Mariƙin yawanci alminiyum ne, in aka matsa masa fiye da kima haƙoran ramin noti su cinye, aiki ya koma baya.

Kawun da ya koya mini aiki, haifaffen Makka ne, ba ya taɓa sifana sai ya ja layi da alƙalamin fenti daga sitiyari zuwa mariƙi, sannan ya ce, "Ɗana, hau ka ja da iya ƙarfinka." Idan layin ya rabu, zamewa ce. Idan yana nan amma sitiyari na rawa, robobin da ke ƙarƙashin mariƙi ne suka saki, sai a sa masu tauri. Wannan ɗan layin ya hana mu kwance babura da yawa a banza.

In zamewa ce, mukan fara da awon kaurin sitiyarin. Na Harley yawanci inci 1 ne a inda mariƙi ke kama shi, wato milimita 25.4, yawancin na Japan kuma milimita 22. Bayan awo sai mu dubi zanen nan mai kaushi da ake yi wa ƙarfen don ya ciji mariƙi. A sitiyari mai araha za ka tarar fenti ya cike zanen, ko zanen bai faɗo daidai bakin mariƙi ba. Mu goge da samfefa, mu wanke giris tas, mu shafa ɗan man wasa bawul, mai kaushi kamar yashi, mu sa sababbin notuna, mu ɗaure da sifana mai awo bisa tsarin da littafin babur ya faɗa. Akwai abin da ake yawan mantawa: idan murfin mariƙi ya zauna daram a kan na ƙasa gaba da baya, babu sauran rata, to kansa yake matsewa, sitiyarin bai samu komai ba.

Abu biyu ne ba na yi ko mai babur ya roƙa: cusa yankan gwangwani tsakanin sitiyari da mariƙi, da huda sitiyari a sa kusa. Hudar tana raunana ƙarfen daidai inda nauyi ya fi taruwa, kuma mutumin nan gobe zai gangaro daga tsaunukan Ɗa'if ta hanyar Hada, lanƙwasa bayan lanƙwasa, hannunsa a kan birki. Gara in sa masa murfi guda mai haɗe ɓangarorin mariƙin biyu, dama da hagu, in ja sabon layi, in ce ya dawo bayan mako mu duba.