Zinariya a ƙarƙashin hasken leza

Talata, Thuwal, Saudiyya

Yau na wuni a ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha, muna auna wani ɗan gilashi da aka jera wa ƙwayoyin zinariya biyu-biyu, kowace ba ta kai nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma a wannan ƙanƙanta zinariya takan bar launin da mata suka sani a kasuwar Balad ta Jidda. Ƙwayoyinta a ruwa ja suke, kamar yadda masanin kimiyya Michael Faraday ya bayyana a 1857, su ne ma suke fitar da jan layi a yawancin kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Idan hasken leza ya sauka a kan ƙwayar, ilektron ɗin cikinta, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, sukan tafi gefe guda gaba ɗaya sannan su komo, kamar ruwa a ƙwaryar da ake kaɗawa. In saurin kaɗawar hasken ya dace da nasu, sai motsin ya ƙarfafa ƙwarai. Ƙaramar ƙwaya ita kaɗai ta fi amsa koren haske, mai tsawon igiya wajen nanomita 520.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin nan biyu. Babban ɗalibinmu, Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, ya ce mini, "Ƙanina, juya kaɗawar hasken ta bi tsawonsu, ka duba allo." Ina murɗa gilashin da ke juya kaɗawar hasken a hankali da yatsa biyu, sai layukan da ke kwance a kwamfuta suka miƙe tsaye, da na mayar da shi kuma suka kwanta. Da ƙwayoyin suka matsi juna sun koma amsa jan haske, shi ya sa muke amfani da leza mai nanomita 633, ƙarfin hasken kuwa a cikin wannan matsatsin yake taruwa, har wani sinadari da muka ɗiga a kan gilashin ya bayyana da sa hannunsa na warwatsuwar Raman, wato ɗan hasken da sinadari ke mayarwa da canjin launi irin nasa, wadda take fitowa layi-layi a kwamfuta, kuma a kan gilashi tsura ba ma iya ganinta.

Masanin sinadarai Martin Fleischmann da abokan aikinsa sun fara ganin irin wannan a Southampton ta Ingila a 1974, a kan azurfa mai kaushi. Ni dai ina ganin ƙoƙarinmu ya kamata ya karkata ga daidaita tazarar, domin ƙara ƙarfin leza yakan zafafa zinariyar ya ƙone sinadarin. Bayan La'asar muka rage ƙarfinta muka tsawaita lokacin awo, layukan suka fito tsaf.