Daren da na yafe wa faccalata da lasifika

Naira dubu 40 ne. Na fara da faɗin adadin don kada wani ya ɗauka gona ce ko gida. Kuɗin adashi ne, a kansu na yi shekara guda ina gaisawa da matar ƙanen mijina a fatar baki, sannan na ƙara wata bakwai ina neman gyara ɓarnar da na yi a daren da na ce na yafe mata.

Mu 12 ne a adashin, duk 'yan Zumuntar Mata, zubin dubu 5 kowace Lahadi in an tashi sujada, ni ce uwar adashi. Mun fara a ƙarshen Nuwamban 2022. Faccalata ta roƙi kwasa ta biyu, na ba ta, don ni na shigo da ita. Ta kwashi dubu 60, ta yi zubi har mako na huɗu, daga nan shiru. Sauran mako takwas ni na cike, domin uwar adashi ba ta zuwa wa mai kwasa da labari. Makonnin ƙarshe kuma suka faɗa cikin wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana. Akuyata mai ciki na sayar a wulaƙance, don kawai mai sayen yana da tsabar kuɗi a aljihu. Har yau in na ga akuya ja mai farin goshi sai na tuna.

Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, rijiya ɗaya. Duk shekarar 2023 gaisuwarmu ba ta wuce "Ina kwana, Yaya", "Lafiya". Ban fasa komai na ikilisiya ba. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ina ba su ayar haddacewa, ina fitar da zakka, ina cin Jibin Ubangiji. Ana karanta mana 1 Korantiyawa 11, inda Bulus ya ce kowa ya auna kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, ni kuwa in na auna sai in ga ni aka zalunta, in miƙa hannu in ɗauka.

A Disamba, wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, muka kai Yohanna 14. (Mu da muka tashi a hannun kakannin da suka saba da tsohon juyi na 1932 Yohanna muke cewa, ko da yake juyin 1979 da ke hannuna Yahaya ya rubuta.) Aya ta 15 ba baƙuwata ba ce: in muna ƙaunarsa, za mu bi umarninsa. Mai jagoran nazarin ya nuna mana cewa Yesu ya sake maimaita zancen a aya ta 21 da ta 23, kuma ya faɗe shi ne a daren da za a bashe shi, bayan ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza wanda zai bashe shi. Sannan ya kai mu 1 Yohanna 4:20, mai cewa wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne. Na yi kuka ranar, kukan gaske. Ina so a san wannan, domin abin da ya biyo baya zai sa a ce da ma riya nake yi. Zuciyata ta tsinke da gaske, na kuma ƙudura zan yafe. Inda na ɓata shi ne wurin da na zaɓa in yi yafiyar.

Ranar 31 ga Disamba 2023 ta faɗo Lahadi. Da dare muka koma sujadar shiga sabuwar shekara, majami'a cike har bakin taga. Da aka buɗe filin shaida na tashi na karɓi makirfo. Ban kama suna ba, kuma da wannan na yi ta kare kaina daga baya. Cewa na yi wata 'yar'uwa ta kusa, wadda muke shan ruwan rijiya ɗaya, ta cinye mini dubu 40 na adashi, har na rasa akuyata, amma yau saboda ƙaunar da nake wa Yesu na yafe mata duniya da lahira, ko sisi kada ta biya. Majami'a ta ɗauki "Amin", wata ta rangaɗa guɗa, masu ganga suka buga. Na dawo wurin zamana ina jin kamar an sauke mini dutse.

Ita tana benci na huɗu a bayana, da goyo. Mata goma a wurin sun san wadda ta daina zubi, sauran kuma sun san rijiyar gidanmu. Kafin sha biyu ta yi ta fita. Na gan ta sa'ad da ta bi ta ƙofar gefe tana gyara majanyi, na ce a raina kunya ce ta kama ta, Ruhu yana aiki. Haka na faɗa a raina, ba zan ɓoye ba.

Lahadi mai zuwa ba ta zo ba, ta bayanta ma haka. Sai muka ji tana zuwa wata ikilisiya a ƙetaren titi, tafiyar kusan rabin awa da yara uku. Mijinta ya daina shiga sashenmu. Surukarmu, tsohuwar da ba ta cika magana ba, ta kira ni ɗakinta ta ce, "'Yar nan, magana zarar bunu ce," ba ta ƙara ko kalma ba. Ni kuwa haushi ya cika ni. Ni aka ci wa kuɗi, ni na yafe, ni kuma ake wa kallon mai laifi.

Da wannan haushin na tafi wurin matar fastonmu, ina jiran ta ba ni haƙuri. Ta bar ni na zazzage duka tana tsince shinkafa a faifai. Sannan ta ce, "'Yata, buɗe Matta 18:15 ki karanta mini, idona ba ya gani sosai." Na karanta: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka nuna masa laifinsa tsakaninka da shi kaɗai. Ta ce in ci gaba. Aya ta 16, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. Aya ta 17, sai bayan nan ne maganar take kaiwa ga ikilisiya.

"Kin je wurinta ke kaɗai?"

"Mama, ai ba ƙararta na kai ba. Yafe mata na yi."

"Kafin ki tashi, mutum nawa suka san bashin? Bayan kin zauna, mutum nawa?"

Na yi shiru. Ta sa na koma baya zuwa Matta 5:23 da 24, batun wanda ya kawo baiko bagade. Na haddace wurin tun ina yarinya, amma a kaina kullum ni ce wadda aka yi wa laifi. Mama ta ce in duba da kyau wa yake da magana a kan wa. Nassin bai ce in ka tuna kana da magana da ɗan'uwanka ba, cewa ya yi in ka tuna ɗan'uwanka yana da magana game da kai, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna. Ta ce, "Dā kina bin ta dubu arba'in. Yanzu ita take bin ki, abin da take bin ki kuwa ba a sayar da akuya a biya."

Ban karɓi maganar nan take ba. Na yi makonni ina gardama da ita a zuciyata ina wanke-wanke. Abin da ya karya ni Luka 18 ne, da na zo shirya wa yara darasi: Bafarisiyen da ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah da bai zama kamar mai karɓar harajin can ba. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka. Ni ma duk abin da na faɗa a makirfo gaskiya ne. Na ɗauki umarni ɗaya, na yafiya, na bi shi ta hanyar da za a tafa mini, na tattake wasu uku a kan hanya: wanda ya ce in je ni kaɗai, wanda ya ce a Matta 6 kada hagu ta san abin da dama take yi, da na 1 Bitrus 4:8, cewa ƙauna tana rufe zunubai masu yawa. Rufin asiri dai, wanda ko kakata da ba ta yi boko ba ta san shi.

Yunƙurina na farko ma na ragwanci ne. Na dafa dambu na aika yarinya ta kai mata. Kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Duk wadda take tunanin za ta aika abinci ya yi mata magana, ta ajiye wahalar, ta tafi da ƙafarta.

Sai a Yulin 2024 na shiga sashenta, ranar da aka wuni ana yayyafi, maza sun tafi gona. Na same ta a rumfa tana ɓare gyaɗa. Na zauna a kan turmin da aka kifa, na ja tire na fara tayata. Mun kusa cika kwano kafin in iya buɗe baki. Na ce, "Ƙanwata, na tona miki asiri a gaban jama'a, na kuma saka sunan Yesu a ciki. Ki yafe mini." Na yi ta maimaita wa kaina a hanya cewa kada kalmar "amma" ta fito daga bakina, don na san in ta fito akuya za ta biyo ta.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Yaya, kin tuna ranar da na zo ɗakinki da dare, bayan Kirsimeti?"

Na manta, sai da ta faɗa ya dawo mini. A Janairun 2023 ne. Ta yi sallama, ina kirga kuɗin zubi a kan gado, na ce mata daga ciki in ba kuɗi ta kawo ba ta bari sai da safe. Ashe ta zo ne ta gaya mini inda kuɗin suka tafi. Ranar a rumfa ta gaya mini. Ba zan rubuta shi ba. Ita ta yarda in ba da wannan labari, ta ji shi daga farko har ƙarshe kafin ya fita, da sharaɗin wancan ɓangaren ya tsaya tsakaninmu. Abin da zan iya faɗa shi ne ba zane ta saya ba, kuma shirun da ta yi shekara guda tana shan kallon banza daga wurina, asirin wani take rufewa. Ita da ban taɓa jin ta kawo aya a Zumunta ba.

Sannan ta faɗi abin da ban zata ba: za ta biya. Na ce ai na yafe. Ta ce, "Ba na son yafiyar da aka yi mini da lasifika. Ki karɓi kuɗinki, in sami bakin gaishe ki." Na so in yi musu, don yafe kuɗin shi kaɗai ya rage mini abin tinƙaho. Na haɗiye, na ce to. Tun daga nan take kawo dubu biyu-biyu in ta samu, a ƙulle a gefen zane, ni kuma in rubuta a littafin adashi a gabanta. Gaskiya tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 dubu 40 ta daina zama abin da take a dā, ba za ta mayar mini da akuya mai ciki ba. Wani lokaci zuciyata takan fara wannan lissafin, sai in tashi in nemi aiki.

Na nemi in tsaya a majami'a in janye shaidar, tun da a can na yi ɓarnar. Ta ƙi. Ta ce kada in sake kai zancenta gaban makirfo, ko na yabo ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin har yanzu akwai matan da suke tare ni suna cewa shaidata ta daren nan ta ƙarfafa su, wata ma ta ce tana so ta yi irinta a kan uwar mijinta. Ita kam na riƙe hannunta na ja ta bayan majami'a, na buɗe mata Matta 18:15, na ce ta karanta mini. Na kuma roƙi dattawa su riƙa tambayar mai shaida abin da zai faɗa kafin a miƙa masa makirfo. In akwai wani mutum a cikin labarin, a tambaya ko shi ya sani.

Faccalata ba ta dawo ikilisiyarmu ba, ban kuma tambaye ta ba. Ranar Lahadi tana fita kafin ni saboda nisa, ƙaramin ɗanta kuwa ba ya iya tafiyar, don haka ni nake tafiya da shi ajina. Saura dubu 6 a littafin.