Ranar da na shige ƙarƙashin tebur a gaban Turawa

Jama'a ni dai yau sai na faɗa ko zan samu sauƙi, don sati uku kenan abin yana cina a rai kuma ba wanda zan iya gaya wa a gida ba tare da an tada hankali ba. Wata na tara kenan a Ingila, aikin dare nake yi a wani sito, in na dawo na kwanta, in na tashi na kalli bango, ranar hutu ma haka, har ta kai in na ji muryata da kaina sai ta yi min baƙunta. To akwai wani abokin aikina, dogo haka mai jan gemu, shi ne ya ga abin ya yi yawa ya ce in zo gidansu ranar Alhamis suna wasa. Ni na ɗauka kati ne ko ƙwallo a talabijin. Ashe wannan wasan ne da ake cewa Dungeons & Dragons, wanda tun 1974 ake yinsa a Amurka, mutane biyar ko shida a zagaye da tebur kowa da takardarsa da fensir, mutum ɗaya yana ba da labari sauran kowa ya zama wani jarumi a cikin labarin, in za ka yi wani abu sai ka jefa dayis irin na ludo amma su nasu har da mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta ce ka yi nasara ko ka sha ƙasa.

Zuwan farko na ce wannan ai shirme ne, manya da gemu suna tatsuniya. Zuwa na huɗu ni ne na fara isa ƙofa.

Mai jan wasan wata mata ce, malamar makaranta, tana da wata ƴar sifika da take sa sautuka, ruwan sama, hayaniyar kasuwa, kukan doki. A daren da nake faɗa muna cikin wani gari a labarin, sai ta ce ga wani dodo mai fuka-fuki ya taho ta sama da gudun da ya fi na sauti, kafin ta rufe baki ta danna sifikar nan. Dum-dum, sau biyu. Wallahi ban san lokacin da na bar kujera ba, sai ganina na yi a ƙarƙashin tebur hannu biyu a ka ina salati da ƙarfi, kofi ya kife a kan takardun mutane, dayis sun watse ko'ina. Aka yi tsit. Sai wani ya yi dariya don ya ɗauka cikin wasan nake yi, har ya tafa min. Da na fito suka ga jikina na rawa sai dariyar ta mutu, kuma shirun nan ya fi dariyar ciwo, kowa yana "sannu, sannu" irin tasu yana kallon gefe. Ku da kuka san shekarun da muka gani ba sai na yi muku bayani ba. Su kuwa ta ina zan fara? Na ce musu kawai ban yi barci ba ne.

Abin da ya ƙara min haushi shi ne da aka ci gaba da wasan. Ta ce tsawar nan, su suna ce mata sonik bum, za ta ci jinin duk wanda ke garin, wato makin ransa a wasan, a jefa dayis takwas masu fuska shida, daidai da tsafin ƙwallon wuta na cikin littafinsu. Wato kusan maki 28 kenan in aka yi tsaka-tsaki, alhali talakan gari a dokar wasan maki 4 gare shi kacal. Kenan dodo ya gifta kawai gari ya mutu kaf, har jarirai. Ina zaune zuciyata na bugawa amma wani ɓangaren kaina yana cewa wannan lissafin ƙarya ne, ƙara ba haka take yi wa mutum ba, ni na sani. Ban iya cewa komai ba, bakin ya mutu.

Satin nan duk hutun rabin awa na wurin aiki a karatun abin na ƙarar da shi, kamar wanda zai zauna jarrabawa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kusan kilomita 1,235 a awa. Abin da ya fi shi gudu yana tara iska a gabansa ta kasa kaucewa, sai ta zama igiya tana binsa a baya kamar yadda jirgin ruwa mai inji yake barin igiya, duk inda ta shafa a ƙasa a nan ake jin tsawar. Ashe ba sau ɗaya take tashi ba lokacin da jirgi ya ƙetare gudun sauti kamar yadda su ma a teburin suka ɗauka, tana tare da shi muddin yana wannan gudun, kuma matuƙin ba ya jinta. Dum biyun nan ɗaya daga hancin jirgi ne ɗaya daga wutsiya. Har bulala in ta yi tsat, bakinta ne ya wuce gudun sauti, wannan kam ya ba ni dariya ni kaɗai a ɗakin cin abinci.

Amma ƙarfinta fa? Concorde, jirgin saman nan da ya fi sauti gudu, da ya yi jigilar fasinja daga 1976 zuwa 2003, matsin da tsawarsa ke kawowa ƙasa kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na nauyin iskar da ke kanmu kullum. A 1964 gwamnatin Amurka ta yi wata shida tana sakar wa birnin Oklahoma tsawar nan sau takwas a rana, jimla 1,253, don a ga ko mutane za su jure. Gilasai suka fashe, shafen bango ya tsattsage, dubban mutane suka kai ƙara, a 1973 aka hana jiragen farar hula irin wannan gudun a saman ƙasar. Mafi ƙarfin da aka taɓa aunawa wani jirgin yaƙi F-4 ne ya yi ta yana tafiya mita 30 kacal daga ƙasa, ta ninka ta Concorde kusan sau 70, kuma masu binciken da ke tsaye a wurin ba wanda ya ji rauni. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Chelyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairu 2013, da dutse ya faɗo daga sama ya tarwatse, mutum kusan 1,500 suka je asibiti kuma yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su, don sun ga haske sun ruga taga kallo, sai bayan ƴan mintuna iskar ta iso.

Alhamis ta zagayo na yi kamar kar in je, na sa takalmi na cire sau biyu. Na je dai, da takarda ɗaya a aljihu. Na ce mata Malama ina da gyara a dokar tsawar nan, da turancina mai ɗingishi. Na ce zagaye ɗaya a wasan daƙiƙa shida ne, a cikinsa dodon ya yi fiye da kilomita biyu, taswirarmu ta kan tebur da kowane gida nata, irin na ludo, bai wuce ƙafa biyar ba ai ko ƙiftawar ido bai yi a kanta ba, don haka a daina ƙirga gidaje. Wanda ke fili kar a taɓa jininsa. Wanda ke jikin taga ya jefa dayis mai fuska huɗu, gilashi ne ya yanke shi. In dodon ya yi ƙasa-ƙasa sosai kunne ya toshe zagaye ɗaya. Dawakai su ɓalle. Sannan kowa ya yi jifan tsira da mai fuska 20, wanda ya gaza tsoro ya kama shi, ya yar da abin da ke hannunsa ya nemi maɓoya.

Duk suka yarda, har mai gemun yana buga tebur, ni kuma kai ya fara kumbura, ka ga ɗan sito yana koyar da malamar makaranta. Sai a layin ƙarshe aka yi gardama. Na rubuta cewa jarumin da ya taɓa jin fashewar gaske ya jefa sau biyu ya ɗauki ƙaramar lamba. Wani yaro ɗan jami'a ya ce a'a ai tsohon soja ya saba, babbar ya kamata ya ɗauka. Na ce ba a sabawa. Ya ce a hankalce dai, na ce ɗan'uwa ba a sabawa. Malamar ta kalle ni ta kalli ƙarƙashin teburin, ba ta ce komai ba ta ɗauki biro ta rubuta yadda na faɗa.

Da na fito ina jiran bas na kira gida duk da dare ya yi. Umma ta ɗauka, tambayar farko ina nake da daren nan, na ce wurin abokai muna wasa, ta ce wane irin wasa, na yi kuskuren ambaton dayis, sai da na yi minti goma ina rantsuwa ba kuɗi a ciki. Ban gaya mata maganar tebur ba. Ita da har yau in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ta kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da nawa da ba na nan, Yaya ce ta gaya min wannan kuma da ma ba ta faɗa ba. Auta ya karɓi wayar, shi da muke tare a ranar fashewar, yana da shekara tara lokacin, ni na danne shi a ƙasa da jikina, yanzu ga shi murya ta buɗe yana shirin jarrabawar fita sakandare. Na so in tambaye shi ko shi ma har yanzu yana yi, in taya ta fashe a titi. Sai ya riga ni da cewa wai da gaske akwai dayis mai fuska 20, ƙarya nake yi, in turo hoto. Na tsaya a ƙarƙashin fitilar tashar na ciro shi daga aljihu na ɗauka sau uku don hannuna ya ƙi tsayawa, bas ɗin ma ta wuce ni.